Mai Faci a Garin Gangara

Yayana ba mai magana ba ne. Umma ta ce ranar da aka haife shi sai da ungozoma ta ɗan mare shi sau biyu kafin ya yarda ya yi kuka, kuma ko da ya yi, a taƙaice ya yi. Ni ce ke bi masa, shekara huɗu tsakaninmu, kuma da alama ni aka ba rabonsa na surutu. Abin da zan faɗa a nan ni na tatso shi daga bakinsa, yau kalma biyu gobe kalma uku, tsawon shekara shida. Sauran kuma na ji daga wata da suka yi aiki tare, wadda ta taɓa kawo mana ziyara.

A unguwa Mai Faci ake ce masa. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin shagon aski da mai cajin waya. Kwanon rufi huɗu ne, da benci ɗaya, da famfon hura iska, da wani bokiti mai baƙin ruwa da yake tsoma tayar ciki ya ga inda kumfa ke fita. Daga baya ya koyi walda wurin wani maƙeri, ya ƙara ƙaramin inji a kusurwa. Baba, wanda ya yi shekara talatin a gidan waya yana buga hatimi, ya so Yaya ya zama ma'aikacin ofis. Yaya ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "To, Baba," ya koma rumfa.

Yana cikin ƙungiyar matasan unguwarmu. Aikin ƙungiyar shi ne yashe kwata, da cike ramukan titi, da taro, amma taron ya fi yawa. Shugabansu wani ne da ake kira Lasifika, saurayi mai kirki, sai dai idan ya ce "a taƙaice" mutane gyara zama suke yi. Muƙamin Yaya shi ne mai kula da kaya. Kayan kuwa shebur uku ne, da baro ɗaya, da kujerun roba ashirin.

Wata rana takarda ta zo daga wata ƙungiyar agaji, suna neman matashi ɗaya da zai tafi ƙasar waje aikin sa-kai na wata takwas. Ba wanda ya yi shakkar wanda zai tafi. Lasifika ya ɗinka sabon kaya, ya rubuta jawabi shafi biyar. Ranar ganawa wata mata mai tabarau ta zo, ta saurari jawabin har shafi na uku, sannan ta ɗaga hannu ta tambaya ko a cikinsu akwai wanda ya iya walda. Kowa ya waiga bayan ɗaki, inda Yaya yake tsaye yana jira a tashi ya tattara kujeru.

Ta sa ya matso. Ta tambaye shi aikinsa, ya faɗa. Ta ce a ganinsa me ke sa mutum ya zama shugaba.

Yaya ya ce, "Ya riga kowa zuwa."

"Sai me kuma?"

"Ya san inda makulli yake."

Matar ta rubuta. Bayan mako uku sunansa ya fito.

A gida Baba ne ya fara magana. Ya tambaya wane irin albashi ake bayarwa, Yaya ya ce babu, sa-kai ne, abinci da wurin kwana kawai. Baba ya cire tabarau ya dube shi.

"Wato za ka hau jirgi, ka tsallaka teku, ka je ka yi wa mutane aiki kyauta. Ai a nan ma rabin unguwa haka kake yi musu, kuma ba su taɓa neman fasfo a wurinka ba."

Umma kuwa ta shiga ɗaki ta fito da bargo mafi kauri a gidan. A filin jirgi sikeli ya ce jakar ta yi nauyi. Yaya ya buɗe ya ciro bargon. Umma ta mayar da shi, ta ciro guduma da sufana biyu ta miƙo mini. Haka ya tafi, yana waiwayen sufanonin fiye da yadda yake waiwayenmu.

Su takwas ne 'yan sa-kai, kowa daga ƙasarsa, suna haɗuwa a Turanci, kowa da irin nasa. Makon farko a wani zaure aka ajiye su ana koya musu shugabanci. Ana ba su takardu masu launi su rubuta burinsu su manna a bango. Yaya ya ce ya rubuta "aiki" ranar farko, ya ga ba wanda ya yi ƙorafi, sai ya ci gaba da rubuta shi har makon ya ƙare. Ranar ƙarshe aka ce su zaɓi jagora a tsakaninsu. Bakwai suka tsaya takara, kowa ya samu ƙuri'a ɗaya, ta Yaya kuma ta lalace don ya rubuta "kowa ma". Da aka sake zagaye, ba wanda ya iya haɗiye ɗan'uwansa, sai suka haɗu a kan wanda bai ɓata wa kowa rai ba, wato Yaya.

Unguwar da aka kai su a jikin tudu take, gidaje kan gidaje, kwano da katako, hanyoyi duk gangara da duwatsu, ga ruwan sama kusan kullum. Mutanen wurin ba sa jin Turanci, yarensu daban. Gidan ƙungiyar yana can ƙololuwa, yana kula da masu larurar ƙafa. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar garin, wadda kowa ke kira Nas, ita ce tafinta. Ita ta buɗe wa Yaya sito ta nuna masa kekunan guragu sittin, kyauta daga wani asibiti da aka rufe a wata ƙasa. An taɓa raba su. Wasu an dawo da su, wasu kuma an tarar ana shanya a kansu aka kwaso. Ƙananan tayoyi gare su, na daɓen asibiti mai santsi, kuma a wannan tudun duk wanda ya hau ya saki hannu sai dai a tare shi a ƙasa.

Yaya ya zagaya keke ɗaya sau biyu, ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya sa aka samo tayoyin keken hawa da birkinsu, ya yanke, ya yi walda, cikin kwana huɗu ya gama na farko. Sauran bakwai ɗin suka yi tafi, suka ɗauki hoto.

Akwai wani mutum da ke zama a bakin ƙofar gidan kullum, a kan wani katako mai ƙananan tayoyi da yake turawa da hannu. Tsohon direban bas ne, ya kai shekara hamsin, ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗari, kuma har lokacin Direba ake ce masa. Kwana huɗun nan yana kallon Yaya da fuskar wanda ake yi wa gyaran mota ba daidai ba. Ya yi magana sau biyu, amma Nas ba ta kusa, Yaya ya yi masa murmushi ya ci gaba da aiki. Da aka tambaya wa zai fara gwadawa, Direba ya ɗaga kafaɗa, ya hau.

Ya gangara kamar taku talatin, keken ya ɗauki gudu, ya matsa birki. Birki ya kama. Keken ya tsaya cak. Direba ne bai tsaya ba.

Ya karye a wuyan hannun dama, haƙori ɗaya ya fita. Likita ya ce mako shida a ɗaure. Ga mai ƙafa wannan ƙaramin abu ne. Ga Direba kuwa, hannun nan shi ne ƙafarsa, da shi yake fita, da shi yake shiga banɗaki, da shi yake hawa gado.

Washegari da safe Yaya ya kira wayata. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ba ni labari a jimla uku, sannan ya ce, "Zan dawo gida."

Baba yana kusa yana shan shayi, yana jin komai. Ya miƙo hannu na ba shi wayar.

"Wanda ka karya ɗin ya warke?"

"A'a, Baba."

"To, wa za ka bar wa shi?"

Baba ya jira kaɗan, ya ce Umma na gaishe shi, ya kashe. Bayan nan ya daɗe riƙe da kofin bai kai baki ba.

Daga ranar Yaya ya riƙa sauka ɗakin Direba kowace safiya kafin aiki. Ɗaki ɗaya ne mai labule a tsakiya, da gado, da rediyo, da hoton wata bas a bango. Yana goya shi zuwa banɗaki, ya taya shi wanka, ya goya shi zuwa inda yake son zama, da yamma ya dawo da shi. Matar Direba wanki take yi wa mutane. Kwana goma ba ta kalli inda Yaya yake ba. A rana ta goma sha ɗaya ta dire masa kofin shayi babu sukari. Yaya ya ce sai a mako na huɗu sukari ya fara shiga, shi ma rabin cokali.

Direba kuwa bai nuna fushi ba, sai dai ya mai da Yaya ɗalibi. Da hannun hagu da gawayi ya zana keke a bayan kwali: dogo, kujerar ta yi ƙasa ta koma baya, taya ɗaya can gaba da nisa, birki a tayoyin baya. Ya buga kwalin da yatsa, ya yi dogon bayani, Yaya bai ji ko kalma ba. Sai da Nas ta zo duba hannun ta fassara.

"Ya ce nauyin mutum a gaba yake a naka, shi ya sa ya zubar da shi. Ya ce ya faɗa maka sau biyu kana yi masa murmushi."

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Ya ce hannunka yana da kyau. Amma ba ka taɓa zama a abin da kake ƙerawa ba. Ya ce gobe ka zauna."

Ya zauna. Aka ɗaure masa ƙafafu da ɗankwalin matar Direba don kada ya yi ha'inci, Direba yana gefen hanya a kan kujera yana ba da umarni da hannu ɗaya. Ranar farko Yaya ya faɗi sau uku. Ya gano cewa dutsen da mai tafiya ba ya ko gani, ga mai keke katanga ne. Ya gano cewa bayan taku ɗari tafin hannu wuta yake yi. Ya kuma gano cewa idan kana zaune, mutane da wanda ke tsaye a bayanka suke magana. Wannan na ƙarshen ya fi daɗewa yana damunsa, don shi ne kaɗai abin da ya faɗa mini ba tare da na tambaya ba.

A ƙarshen makon ya kira taron farko da ya taɓa kira a rayuwarsa. Ya gaya wa bakwai ɗin cewa daga yau doka biyu ce. Ba wanda zai miƙa wa mutum keke sai ya gangara da shi da kansa. Kuma kafin a taɓa ƙarfe, sai an je an tambayi mai keken ina yake zuwa kullum, an bi shi har can.

Wata daga cikinsu mai karatun shari'a, wadda suke kira Lauya, ita ce ta kawo mana ziyara daga baya. Ta ce ita ta fara tayar da ƙura. Ta ce masa ita wayar da kai ta zo yi, ba tseren keke ba, kuma jagora ba sarki ba ne, ya kamata a tattauna. Ta yi minti goma tana kawo hujja. Yaya ya saurara, ya ce, "Gaskiya ne." Sannan ya fita ya turo keke ya ajiye a gabanta, ya tsaya. Ta ce shirun ne ya fi ƙarfinta. Ta hau. Wani dogo a cikinsu ya ƙare a akurkin kajin wata tsohuwa, kuma sai da suka yi yini suna gyara akurkin. Mutanen unguwa suka riƙa fitowa kallo kowace safiya, wasu har da kujerunsu.

Bin mutanen ne ya canza aikin. Wata mai sayar da sabulu ba gudu take so ba, wurin ɗora tire take so. Wani tsoho ƙofar ɗakinsa ta fi keken ƙunci, don haka ƙofar aka gyara. Wani kuma da aka bi shi, sai aka ga ba ya zuwa ko'ina, kuma ba ya son zuwa, abokin hira yake nema, aka bar masa dogon nan da ya faɗa akurki. Cikin sittin ɗin sun gyara arba'in da ɗaya, sauran suka zama kayan gyara. Da aka kwance wa Direba hannu, shi ya zama mai gwaji na ƙarshe. Idan ya dawo ya ɗaga babban yatsa, keke ya fita. Idan ya dawo ya yi tsaki, a sake. Yaya ya ce tsaki a kowane yare ɗaya ne. A wata na shida ya fara koya wa Direba da wasu mata biyu walda, ya saukar da teburin aiki daidai tsayin mai zaune, don ya lura ranar tafiyarsa tana matsowa kuma tayoyi ba sa daina lalacewa don baƙo ya koma gida.

Ranar sallama manyan ƙungiyar suka zo, aka ce jagora ya yi jawabi. Lauya ta ce ta riƙe shi a ka, don ba shi da wuyar riƙewa. Ya ce sun gode. Ya ce na farkon ya yi kuskure. Ya ce zanen na Direba ne, a rubuta haka a rahoto. Ya ce makullin sito yana hannun Nas. Ya zauna.

Direba ya kira shi gefe ya damƙa masa wani abu a ƙunshe cikin takarda, ya riƙe hannunsa ya daɗe yana magana. Nas ta fara fassarawa, ta tsaya, ta ce ya dai gane. Sai a jirgi Yaya ya buɗe ƙunshin. Haƙorin ne.

Da ya iso gida, Umma ta juya shi a tafin hannu ta ce, "'Ya'yan mutane agogo suke dawowa da shi." Duk da haka ita ta samo masa kwalbar turare da ta ƙare ya ajiye a ciki.

Ya dawo a rame, kafaɗunsa sun buɗe, tafin hannunsa ya yi kanta. Washegari ya buɗe rumfa. Masu zuwa jin labarin ƙasar waje suka cika benci, suka tashi da sanin cewa ana ruwan sama sosai a can. Bayan wata biyar Lasifika ya samu aiki a gidan rediyo, inda Allah ya nufe shi tun farko, aka yi zaɓe, Yaya ya ci ba hamayya. Taronsa ba ya wuce minti goma sha biyu. Akwai waɗanda suka daina zuwa don sun ce kafin mutum ya gama gaisawa an tashi.

Aikinsa na farko shi ne ya raba matasa gida-gida su tambaya ko akwai wanda ba ya iya fita. Mun ɗauka za a samu uku ko huɗu. An samu goma sha bakwai. Ɗaya daga ciki katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu. Budurwa ce mai shekara ashirin da shida, shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, tana saƙa huluna a ɗaki ƙannenta suna kaiwa kasuwa. Ni kaina na taɓa sayen hular, ban taɓa tambayar wa ke saƙawa ba. Na san muryarta ta bayan katanga, na ɗauka baƙuwa ce mai yawan zuwa. Rabonta da bakin titi shekara tara.

Yaya ya je da sallama ya zauna a tsakar gidansu, ya tambaye ta ina take son zuwa.

Ta ce, "Ina ake zuwa yanzu?"

Sai ya aiko a kira ni. Ni na lissafa mata, ita kuma ta zaɓa: shagon zare, don ta gaji da launin da ƙannenta ke zaɓo mata, da makarantar manya, da bakin titi haka kawai. Mako uku ya yi yana ƙera nata, ya bi hanyar da shi sau biyu da kansa, yara suna binsa suna tambaya ko ya yi haɗari ne. Matasan ƙungiya suka zuba siminti a bakin ƙofarsu da kan kwatar da ke gaban shagon zare.

Ranar da ta fita, mahaifiyarta ta tsaya a ƙofa tana kuka, Umma tana taya ta. Mai Saƙa, haka muke kiranta yanzu, ta tafi ita kaɗai ta yi awa biyu. Da ta dawo kowa ya zuba ido ya ji me za ta ce. Ta ce titin ya fi yadda ta bar shi lalacewa, kuma tana son sanin me ƙungiyar matasa take yi duk shekarun nan.

Ta yanki katin ƙungiya a makon. Shekara huɗu ke nan ba ta taɓa fashin taro ba, kuma ita ce ke ɗaga hannu idan Yaya ya ce an tashi. Cikin matasa uku da ƙungiyar ta tura aikin sa-kai bayan Yaya, ita ta tantance biyu. Ni ma na nema, ta ce in bari sai na koyi sauraro. Yanzu ta ce wa'adi biyu ya ishi kowa, za ta tsaya takarar shugabanci, ta riga ta saƙa wa magoya bayanta huluna iri ɗaya.

Zaɓen wata mai zuwa ne. Jiya na kai wa Yaya abinci rumfa, na same shi yana ɗaure mata wayar birki. Na jira ta tafi, na ce masa kada ya ji a bakin wani, ni dai ita zan zaɓa. Ya wanke hannu a bokiti, ya buɗe kwanon ya duba, ya ce shi ma.